Maganin Fargaba: Na Gaggawa Ko Na Haƙuri?

Wata baiwar Allah daga cikin masu karanta wannan shafi ta aiko mana da wasiƙa a kan ƙanwarta da ke zaune a Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan. A Wad Madani take aure, har zuwa watan Disamba na 2023, lokacin da yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu na shekarar ya iso garin. Ta kwashi ƴaƴanta huɗu ta nufi Gadarif, garin riɗi da dawa, inda Hausawa suka daɗe da kafa unguwanni tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. Sojoji sun karɓe Wad Madani a watan Janairu na 2025, mutane da dama sun koma, amma ita ko maganar komawa aka yi sai gabanta ya faɗi. Ba ta barci, hannu na rawa, ƙarar babur kan sa ta tsuguna. Wani mai kantin magani ya ba ta diazepam ba tare da takardar likita ba, ta sami barci, yau wata biyar ke nan, ƙwaya ɗaya ta koma biyu. Daga baya wani likita ya rubuta mata fluoxetine, ta sha kwana shida, ta ce bai yi mata komai ba sai tashin zuciya. Yayar tana tambaya: wanne za ta riƙe?

Ba mu ga mara lafiyar ba, don haka ba za mu zaɓa mata daga nesa ba. Abin da za mu iya shi ne mu bayyana yadda magungunan biyu suke aiki, domin mun lura kuskuren da aka yi a nan shi ne wanda ake yi a gidajenmu da yawa: a auna magani da saurinsa.

Diazepam, wanda aka fi sani da Valium, ya shigo kasuwa a 1963, kuma yana cikin dangin magungunan da ake kira benzodiazepine. Aikinsa shi ne ya rage kaifin ƙwaƙwalwa baki ɗaya, cikin ƙasa da awa guda jiki ya saki, barci ya zo. Illarsa ita ce jiki na sabawa da shi cikin ƴan makonni. Abin da ya isa jiya ba ya isa yau, idan kuma aka rasa shi sai fargabar ta dawo fiye da yadda take tun farko, mutum ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru, alhali kuwa jikin ne ke neman ƙwayar. Yana kawo mantuwa da kasala, tsofaffi kuma yana sa su faɗi su karye. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta sabunta a 2023, ba ta amince a yi jinyar fargaba da wannan dangi ba, sai dai a halin gaggawa mai tsanani, na kwana 3 zuwa 7 kawai. Wata biyar ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Amma a kula da kyau, domin a nan haɗarin yake: wanda ya daɗe yana shan diazepam kada ya yanke shi dare ɗaya. Yankewar na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ana rage shi ne kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni, a ƙarƙashin kulawar likita. Muna roƙon yayar kada ta buga waya cikin fushi ta ce a zubar da ƙwayoyin.

Shi kuwa fluoxetine, da ɗan'uwansa sertraline, tafiyarsu daban ce. Ba sa sa maye, ba sa jan mutum ya riƙa ƙara yawa, amma ba su da gaggawa. Sai an yi mako biyu zuwa shida ana sha kullum kafin a ga canji, kuma a makon farko sukan kawo tashin zuciya, ciwon kai, har ma fargabar ta ɗan ƙaru kafin ta lafa. Shi ya sa likitoci kan fara da kaɗan. Ƙanwar ta bari ne a kwana na shida, daidai lokacin da wahalar ta fi yawa, amfanin kuma bai iso ba. Da an yi mata wannan bayani tun ranar da aka miƙa mata takarda, da wataƙila ta daure. Idan an sami sauƙi ana ci gaba da sha na tsawon wata shida zuwa shekara, sannan a sauka a hankali. Akwai kuma abin da kunya ke hana mutane faɗa wa likita: waɗannan magunguna kan rage sha'awa tsakanin ma'aurata. A faɗa, domin ana iya canza magani. Matasa ƴan ƙasa da shekara 25 kuwa a sa musu ido a makonnin farko, in suka fara maganar gajiya da rayuwa a koma asibiti a ranar.

A wuri irin Gadarif akwai tambayar da dole a haɗa da zaɓin: shin za a sami wannan magani wata mai zuwa? Yaƙin ya tarwatsa likitocin ƙwaƙwalwa, waɗanda dama mafi yawansu a Khartum suke, ya kuma katse hanyoyin kawo magani. Jihar ta riga ta karɓi ƴan gudun hijirar Habasha a sansanin Um Rakuba tun 2020, sannan na Khartum da Jazira da Sinnar suka biyo baya. A irin wannan hali fluoxetine na da wata falala, domin yana daɗewa a cikin jini, in aka rasa shi kwana ɗaya ko biyu jiki ba ya rikicewa sosai. Paroxetine kishiyarsa ne, tsallake shi na sa jiri nan da nan, kuma ana guje masa ga mai ciki. Mai shayarwa likitoci sun fi karkata ga sertraline. Amitriptyline yana da araha kuma kusan ko'ina ana samunsa, sai dai bai dace da mai ciwon zuciya ba, kuma idan yaro ya haɗiye da yawa yana iya kisa, a ɗaki ɗaya da yara huɗu kuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tramadol ba maganin fargaba ba ne ko kaɗan, haɗa shi da fluoxetine na iya jawo jijjiga.

Kafin duk wannan, a duba jiki. Ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro da yawan haihuwa ke kawowa, yana sa bugun zuciya da haki. Wani nau'in ciwon maƙoƙo ma haka. Mutanen gabashin Sudan kuma ba a raba su da jabana, gahawar nan mai citta da ake sha kofi bayan kofi. Mai fargaba da ke shan ta har bayan la'asar tana sayen rashin barcinta da kanta.

Yayar ta kuma tambaya ko shan irin wannan magani rauni ne na tawakkali, domin surukar ƙanwar ta ce ruƙiyya kaɗai ta isa. Ba mu ga saɓani ba. Dokta Tijani al-Mahi, uban likitocin ƙwaƙwalwa na Sudan, wanda ya rasu a 1970 kuma aka sa wa asibitin Omdurman sunansa, ya shahara da aiki tare da malaman addini maimakon faɗa da su. A yi addu'a, a sha magani, malami kuma kada ya ce a ajiye ƙwaya. Azumi ma ba ya hanawa, tunda sau ɗaya ake sha a yini, likita na iya mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa baki. Jagorar 2023 ɗin nan ta sa jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, da koyon sassauta numfashi, da motsa jiki, a sahu ɗaya da magani, don haka a tambaya ko asibitin ko wata ƙungiyar agaji na da mai yin wannan aiki.

Ga yayar muna cewa: ki sa ƙanwarki ta koma wurin likitan da ya rubuta mata fluoxetine, ta tafi da kwalin diazepam ɗin a hannu, ta faɗa masa gaskiyar ƙwaya nawa take sha a dare da tun yaushe, ta faɗa masa in tana shayarwa ko tana zaton ciki. Kuɗin da kike aika mata kuma ki ware na maganin wata biyu a lokaci guda, kada ya yanke mata a tsakiya.