Yaranmu Sun San Rumawa, Ba Su San Turunku Ba

Makon jiya a Unguwar Dosa muka ga wata 'yar makaranta ta duƙufa a kan littafin Turanci, har aka yi mata sallama sau biyu ba ta ji ba. Labarin wani matashin sojan Rumawa ne da ya ƙetare katangar Hadrian a arewacin Ingila, yana neman tambarin mikiya na rundunar mahaifinsa da ta ɓace. Rosemary Sutcliff ce ta wallafa shi a 1954.

Mun san wasu a zauren nan za su ce ga illar boko nan, an raba yara da tarihinsu. Ba mu yarda ba. Yarinyar ta nemi labari mai daɗi ne, mu kuwa me muka ajiye mata?

Ku duba abin da matar nan ta yi. Ba ta ɗauko sarkin Rum tana yi masa kirari ba. Jaruminta gurgu ne, yaƙi ya lalata masa ƙafa, abokin tafiyarsa kuma 'yantaccen bawa ne daga ƙabilun da Rumawa suka murƙushe. Mu fa? Da mun taɓo Sarauniya Amina sai mu cika shafi da kirari. Ba ta jin yunwa, ba ta jin tsoro, ba ta kuskure. Wane yaro ne zai ƙarasa wannan? Ina ɗan da aka tasa gaba yana ɗaukar ƙasar ginin ganuwa? Ina 'yar maƙerin da ke zuga wa ubanta wuta a Turunku, nan ƙaramar hukumar Igabi? Ƙasar Nok ma, inda aka gasa mutum-mutumin yumɓu tun kafin Rumawa su taka Ingila, tana cikin jihar nan tamu.

Abin haushin, hanyar ba baƙuwa ba ce. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi sawun yaron da aka sace a Shaihu Umar, da uwar da ta ratsa Sahara tana cigiyarsa.

Masu cewa ƙago mutum a cikin tarihi ƙarya ce, mun ji ku. Sai dai yawanci kasalar bincike ce ake lulluɓewa da wannan hujja. Daga Unguwar Dosa zuwa Gidan Arewa kuɗin Keke Napep ne kawai, kuma takardun suna can suna shan ƙura.