Hunturunmu Ma Sanyi Ne: Kada a Raina Shi

A makon jiya wani ƙanena da ke karatu a Kanada ya zo hutu, ya biyo ni kantin magani da sassafe. Da ya ga mutane sun yi layi cikin rigunan sanyi da hular sanyi, wasu har da safar hannu, sai ya fashe da dariya ya ce, "Haba Yaya, wannan ne sanyin? Ai a can irin wannan ranar fita yawo muke yi da 'yar shimi." Wata dattijuwa da ta zo karɓar maganin hawan jini ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na yi ta juya maganar nan a raina, domin dukansu biyu suna da gaskiya. Idan lamba za a bi, ƙanena ya ci gardama. A Bauchi, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 13 ko 14 da asuba, da rana kuma ya hau zuwa wajen 30. Jos da ke kan tudu ta fi mu sanyi, wani lokaci takan sauka ƙasa da digiri 10. A yawancin biranen Kanada kuwa digiri 20 ƙasa da sifili ba abin mamaki ba ne, a garin Yakutsk na Rasha har 40 ƙasa da sifili ake gani a Janairu.

To amma jikin mutum ba ya karanta ma'auni. Abin da jiki ya sani shi ne inda ya kwana da abin da ya lulluɓa da shi. Ƙanena yana kwana a ɗakin da na'ura ke ɗumamawa dare da rana, tagoginsa gilashi ruɓi biyu. Mu kuwa gidajenmu don zafin bazara aka gina su: rufin kwano, daɓen siminti, tagogi masu shan iska. Sanyin da ke waje da asuba kusan shi ne a cikin ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 cewa kada ɗakin zama ya yi ƙasa da digiri 18 a lokacin sanyi. Da wannan ma'auni, yaron da ya kwana kan tabarma a Yelwa, ko almajirin da ya kwana a zaure, zai iya fin ɗalibin Kanada shan sanyi.

Turawa ma sun ga haka a ƙasashensu. An daɗe da lura cewa ƙaruwar mace-mace a lokacin sanyi ta fi yawa a Fotugal da Sifen, inda sanyin ke da sauƙi, fiye da Finlan mai dusar ƙanƙara. Dalili shi ne mutanen Finlan sun ɗauki sanyi da muhimmanci, sun gina gidajensu dominsa. Sanyin da aka raina shi ya fi yin ɓarna.

Sannan namu yana da abin da nasu ba shi da shi. Bahaushe ya bambanta sanyin damina mai laima da ɗari, wato busasshen sanyin hunturu. Iskar tana tasowa daga Sahara, tana kwaso ƙura mai yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta busar da komai. Ita ke kawo kaushi da faso da tsagewar leɓe da haɓo. Idan ta busar da hanci da maƙogwaro, ƙwayoyin cuta kan samu hanyar shiga, shi ya sa sanƙarau ke tashi daga hunturu har zuwa bazara. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na cutar. Idan masu rigakafi sun zo unguwa, a fito da yara.

Ga waɗanda na fi jin tsoro dominsu a wannan lokaci. Na farko jarirai. Jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, musamman bakwaini. A jinkirta wankan farko har sai ya yi awa 24, daga nan a riƙa yi masa da hantsi a cikin ɗaki, a tsane shi nan take, a sa masa hula da safa. Uwa ta riƙa kwantar da shi a ƙirjinta, fata da fata. Na biyu masu amosanin jini, wato sikila: sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar musu da ciwo. Da yake ba a jin ƙishirwa sosai a hunturu, sai an riƙa tuna musu su sha ruwa. Na uku masu asma, su riƙe abin shaƙarsu a kusa, su rufe hanci idan hazo ya sauko. Na huɗu tsofaffi masu hawan jini, domin sanyi yana matse jijiyoyin jini, jinin ya ƙara hawa. Kada su tsallake magani, kuma a ɗumama musu ruwan alwalar asuba.

Akwai kuskuren da nake gani kullum a bakin kanta. Mutum ya zo da mura ya ce a ba shi kafso mai ƙarfi. Mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, yawanci takan tafi da kanta cikin mako guda zuwa kwana goma. Wani kuma ya sha maganin mura ya ƙara da farasitamol, alhali yawancin magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu, yawansa kuwa yana lahanta hanta. Wasu magungunan buɗe hanci suna ƙara hawan jini, don haka mai hawan jini ya faɗa wa mai ba da magani kafin ya saya. Kada a cusa wa jariri man zafi a hanci, kada kuma a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Don fata, man kaɗanya ko basilin bayan wanka ya wadatar.

Babban haɗarin shi ne kaskon gawayi a ɗakin da aka kulle. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri, mai barci kuma ya wuce bai farka ba. A ji ɗumi da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Wannan yana kare gida daga gobara ma, wadda ta fi yawa a wannan lokaci.

Yaushe za a bar kanti a nufi asibiti? Idan yaro yana numfashi da sauri ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ana zargin nimoniya. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Haka zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko jaririn da ya ƙi kama nono kuma jikinsa ya yi sanyi. Waɗannan ba sa jiran gari ya waye.

Ƙanen nawa dai kwana uku da zuwansa leɓensa ya tsage, haɓo ya kama shi, ya dawo kanti yana neman basilin. Na ba shi, na kuma aike shi kasuwar Wunti ya sayo barguna biyu na gwanjo, muka ba malamin tsangayar da ke bayan gidanmu. Wanda duk yake da tsohuwar rigar sanyi a akwati, akwai mai buƙatarta a ƙofar gidansa.

Allah Ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.