Ɗaga Kan Mashin Ba Gwaninta Ba Ce

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana masu hawa mashin a Jega, Aliero da Maiyama, musamman samari 'yan kabu-kabu, a kan wata ɗabi'a da ke karya mana yara, wato fizgar mashin wajen tashi har tayar gaba ta bar ƙasa.

Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa saye da sayar da albasa. A shekarar 2023, lokacin kakar albasa, na aiki ƙanena Aliero ya ɗauko mini buhu biyu a kan mashin ɗina Boxer, wanda ko kuɗinsa ban gama biya ba. Ya ɗaure kayan can ƙarshen kariya, har sun zarce tayar baya. Da ya ga abokansa na kallo, sai ya murza totur, ya saki kuloci gaba ɗaya. Wallahi mashin ya miƙe tsaye kamar dokin sallah, ya kife da shi. Albasa ta watse bisa kwalta, ƙafa ta karye. Allah ya sa a Aliero ne, garin da ya yi suna wajen ɗori. Duk da haka har aka yi shukar gero yana dogara sanda, ni kuma ga bashi ga asarar jari.

To jama'a, abin ba aljani ba ne. Tayar baya ce ke tura mashin, saboda haka duk lokacin da aka tashi da ƙarfi nauyi yakan koma baya, gaba ya yi sakayau. In an ƙara da buhu ko fasinja biyu a baya, kaɗan ya rage kai ya tashi. Wuta mai yawa da sakin kuloci farat ɗaya su ke ƙarasa aikin.

Ga abin da wani tsohon bakanike ya koya mini tun ina hawa Suzuki. Ka matso da jikinka kusa da tanki, ka miƙar da kan mashin. Ka sa giya ta ɗaya, ka ba da wuta 'yar kaɗan, ka riƙa sakin kuloci sannu sannu har ka ji ya kama, mashin ya fara tafiya da kansa. Sai ya gangara sosai za ka sake shi duka, ka ƙara wuta. Ƙafarka ta dama ta zauna kusa da birkin baya. In ka ji kai ya fara ɗagawa, rage wuta ka taka birkin baya a hankali, zai sauko. Kada ka damƙi birkin gaba, don tayar da ke sama ba ta tsayar da kowa, in kuma ta dira a damƙe sai ta watsar da kai. Kaya kuwa a ɗaure su daidai kan taya, in sun yi yawa a yi sawu biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ranar ɗaurin aure, inda yara ke gasar ɗaga kai a kan hanyar Jega zuwa Maiyama, hanyar da manyan motocin Yawuri ke bi dare da rana, manya kuma na tsaye suna tafi. Mu da ke tafin nan muna da namu laifin.

Don haka ina kira ga shugabannin 'yan kabu-kabu da kada su ba yaro layi sai sun ga yadda yake tashi da kaya. Iyaye da hakimai su tsawata a kan wasan mashin wajen biki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta kuma fara tilasta sa hular kwano a 2009, ta riƙa shiga kasuwanninmu tana wayar da kai da Hausa, ba sai kame kawai ba.

Gwanin mashin shi ne wanda ya kai kaya lafiya, ya dawo wa iyalinsa da ƙafafunsa biyu. Allah ya kiyaye mu, amin.

Daga wani manomi,
Jega, Jihar Kebbi.