Baƙon Ajinmu Ba Raɓa Ba Ne

A fitowar wannan makon ina so in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan fara da laifin kaina kafin in taɓo na kowa.

Lokacin da muke aji biyu na ƙaramar sakandare, ana tsakiyar zango na biyu, aka shigo mana da sabuwar ɗaliba. Iyayenta sun taso daga kudancin Borno saboda rikici, suka sauka wurin dangi a nan Kano. Malama ta ce ta faɗi sunanta. Ta faɗa a hankali. Sunan yarensu ne, ba mu taɓa jin irinsa ba. Wata daga kujerar baya ta kwaikwaye ta, aji ya kwashe da dariya, har da ni. Kafin a fita tara an riga an laƙaba mata "'Yar Gudun Hijira", sunan ya bi ta har ƙarshen shekara. Ba ta taɓa kai ƙararmu ba. Ta dai daina ɗaga hannu ko da ta san amsa, kuma sau da yawa ta sani, domin a lissafi ta fi mu duka. Da aka dawo dogon hutu, kujerarta babu kowa.

Na manta da ita sai a hutun da ya wuce. Yayata, wadda ke koyarwa a firamare, ta zo gida da wasu littattafan yara masu hotuna, na ɗauki ɗaya don in rage zafin rana. Sunansa The Name Jar, Yangsook Choi ce ta rubuta shi, ya fito a 2001. Labarin wata yarinya ce da iyayenta suka koma Amurka daga Koriya. A motar makaranta yara suka yi ta karya sunanta suna dariya, saboda haka da ta shiga aji sai ta ƙi faɗin sunan, ta ce za ta zaɓi wani sabo. 'Yan ajin suka ajiye mata kwalba, kowa yana rubuta sunan Bature yana jefawa don ta zaɓa. A ƙarshe ta riƙe sunan da iyayenta suka raɗa mata, ta koya musu yadda ake faɗinsa. Littafin bai fi a karanta shi cikin minti goma ba, amma na gama shi jikina a sanyaye. A karon farko na ga ranar nan ta ajinmu daga inda yarinyar take tsaye a gaban allo.

Wannan shi ne amfanin irin waɗannan littattafai, kuma shi ya sa nake ganin ya kamata a same su a laburaren makarantarmu. Nasiha a asembili tana gaya mana abin da ya kamata mu yi, mu ji ta kunnen dama ta fita ta hagu. Labari kuwa yana zaunar da kai a kujerar baƙon, ka ji yadda cikinsa yake kaɗawa idan aka ce ya tashi ya yi magana.

Akwai irinsu da yawa. My Name Is Sangoel, na Karen Lynn Williams da Khadra Mohammed, ya fito a 2009. Yaro ne ɗan ƙabilar Dinka daga Sudan, ya rasa mahaifinsa a yaƙi, suka isa Amurka da mahaifiyarsa da ƙanwarsa. Babu mai iya faɗin sunansa, sai ya zana rana da ragar ƙwallo a jikin rigarsa, domin idan aka haɗa sunayen abubuwan nan biyu da Turanci sai su ba da sunansa. Akwai kuma The Arrival na Shaun Tan, na 2006, wanda babu rubutun karantawa a cikinsa sai hotuna zalla: magidanci ya bar iyalinsa ya tafi ƙasar da bai san harshenta ba, bai san abincinta ba. Wannan ko ɗan aji ɗaya da Turancinsa bai nuna ba zai fahimce shi sarai.

Na san wani zai ce, "Mu Hausawa sai an kawo mana littafi daga Amurka a koya mana karɓar baƙo? Ba mu ne muke cewa baƙonka annabinka ba?" Gaskiya ne, kuma tarihinmu ya shaida. Labarin Bayajida da muke karantawa tun firamare labarin baƙo ne da ya iso Daura da dare ya roƙi tsohuwa ruwa. A cikin birnin Kano akwai Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi inda Yarbawa suka zauna, da Dandalin Turawa inda Larabawa suka sauka. Wangarawa sun iso daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, aka karɓe su. A darasin addini mun karanta yadda Najashi, sarkin Habasha wanda yake Kirista a lokacin, ya ba Musulmin farko mafaka, da yadda mutanen Madina suka raba dukiyarsu da waɗanda suka yi hijira daga Makka.

To amma mu ne kuma muke cewa baƙo raɓa ne. Karamcin da muka fi ƙwarewa a kai na mai kwana biyu ne ya wuce: a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, a yi masa rakiya. Ɗalibin da aka shigo da shi ajinmu ba wucewa zai yi ba. Zai zauna a bencinmu, ya ci jarrabawa tare da mu, wataƙila ya ƙwace na ɗaya daga hannun wanda ya saba ɗauka. A nan ne karamcin namu yake gazawa, a nan ne "Bagwari" da "Baƙauye" da "Ɗan Boko Haram" suke fitowa daga bakinmu. Idan aka yi magana mu ce ai wasa ne, kamar na Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zazzagawa. Wancan wasan tsakanin mutum biyu ne da kowa ke da bakin ramawa. Mutum sittin a kan yarinya ɗaya da ba ta gama iya Hausa ba, wannan cin zali ne.

Kuma irin waɗannan ɗalibai ba kaɗan ba ne. Rikicin da ya fara a arewa maso gabas a 2009 ya raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu. Ga na Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu. Ga kuma 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa da aiki ya kawo iyayensu daga Jos ko Ibadan ko Inugu. Duba ajinka da kyau, za ka samu aƙalla ɗaya.

Wani kuma zai ce littattafan yara ne, mu jarrabawar WAEC da NECO ce a gabanmu. Minti goma a mako ba zai kayar da kowa jarrabawa ba. Ɗalibar da ta daina ɗaga hannu a aji kuwa ta fara faɗuwa tun kafin a raba takarda.

Inda na yarda da masu suka shi ne, yawancin littattafan nan da Turanci suke, kuma yawancin baƙinsu jirgin sama suke hawa su sauka a ƙasar ƙanƙara. Namu baƙin a bayan motar kaya suka iso. Muna da namu labaran da suka taɓo batun. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan da gasar rubutu ta 1933 ta haifar, labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa, aka haye Sahara da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe da ya riƙe shi kamar ɗansa har ya zama malami. Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, yaron ƙauye ne da ya koma Anaca wurin kawunsa yana koyon zaman birni. Amma ni har yau ban riƙe ɗan littafi mai hotuna da Hausa ba, wanda yake ba da labarin yarinyar Gwoza ko yaron Zurmi a ranarsa ta farko a sabon aji.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga shugabar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai: idan za a sayi littattafai bana, a saka mana ko da biyar na irin waɗannan. Na biyu ga malamanmu na Hausa da Turanci: a ware mana darasi ɗaya a zango mu karanta ɗaya tare, mu fassara shi da bakinmu, mu tattauna. Na uku ga mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida: mu rubuta namu. Mu bi aji-aji mu tambayi duk wanda ya yarda ma'anar sunansa, da wanda ya raɗa masa, da yadda ake cewa sannu da zuwa a yarensu. Masu iya zane su zana. Mu liƙa a wannan allo, a ƙarshen shekara mu ɗinke shi mu kai wa ƙannenmu na aji ɗaya. Sharaɗi ɗaya ne: kada a matsa wa kowa ya faɗi abin da ya koro su daga gida. Wanda ya ga dama ya faɗa, wanda ya yi shiru a bar shi.

Kafin littattafan su iso, akwai abin da ba ya buƙatar ko sisi. Idan aka shigo da sabon ɗalibi, ka tambaye shi sunansa, ka maimaita har sai ya ce ka faɗa daidai, ka matsa masa wuri a benci. Ni ban yi wa waccan yarinyar haka ba, kuma ba ni da hanyar da zan nemi gafararta. Allah ya sa tana karatu a inda ake kiran ta da sunanta.

Daga wata ɗaliba ta aji biyu, babbar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.