Kafin ka sayi katangar tsaron kwamfuta, duba wadda aka kashe maka a shago

A watan jiya wani ƙanena da ke ajin ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha ya zo mini da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda ya saya ta hannu don rubuta kundin kammala karatu. Kukansa biyu ne. Datar da ya saba yin wata guda da ita yanzu ba ta kai masa mako biyu, sannan kwamfutar kan ɗau zafi tana huci ko da ba ya aikin komai a kanta. Wani abokinsa ya ce masa fayawol yake buƙata, wato manhajar da ke tsare ƙofar kwamfuta daga masu kutse ta intanet, har ya ba shi sunayen guda uku. Tambayarsa ita ce wacce zai saya, domin kuɗin da ke hannunsa na guda ɗaya ne.

Na ce ya buɗe mu gani tukuna. Ba mu yi minti biyu ba muka tarar katangar tsaron da ta zo da Windows ɗinsa a kashe take, haka ma manhajar da ke kama bairos. Da na matsa masa da tambaya sai ya tuna cewa ranar da ya sayi kwamfutar, yaron shagon ya zuba masa manhajojin rubutu da na gyaran hoto kyauta, ya kuma ja masa kunne kada ya kuskura ya kunna waɗancan abubuwa, wai su ne ke goge manhajojin. Wata bakwai ke nan yana shiga asusunsa na banki da imel a kwamfutar da aka cire wa ƙyaure.

Shi ya sa nake ganin muhawarar wace fayawol ce ta fi kyau, daga wutsiya muke fara ta. Ga mafi yawan gidajenmu, katangar da ta fi dacewa ita ce wadda ta zo a cikin kwamfutar tun daga kamfani, muddin an bar ta a kunne kuma ana sabunta kwamfutar. Ƙara wata daban yana da muhallinsa, amma ga mutane ƙalilan, kuma bisa sharaɗi.

Mene ne aikinta?

Duk wanda ya san ganuwar Kano ko ta Zazzau ya riga ya fahimci rabin zancen. Gari ne a kewaye, ba a shiga sai ta ƙofa, kowace ƙofa kuma da sarkinta mai lura da masu shige da fice. Kwamfutar da ke kan intanet tana da irin waɗannan ƙofofi masu lamba har 65,535, kowane irin saƙo da ƙofar da yake bi. Shafukan intanet, alal misali, ta ƙofa mai lamba 443 ko 80 ake isa gare su, musayar fayil tsakanin kwamfutocin Windows kuwa ta 445. Aikin katangar tsaro shi ne ta duba duk saƙon da ya ƙwanƙwasa. Idan amsar abin da mai kwamfutar ya nema ce, kamar shafin da ya buɗe, sai ta bar shi ya wuce. Idan baƙo ne da ba wanda ya gayyata, sai ta rufe masa ƙofa.

Sai da aka sha wuya kafin a mayar da wannan tsari dole. A watan Agustan 2003 wata muguwar manhaja mai suna Blaster ta bazu a duniya, a 2004 kuma Sasser ta biyo baya, wadda wani matashi ɗan Jamus ya ƙirƙira. Dukansu ba sa jiran mutum ya danna komai, kwamfuta ta hau intanet da ƙofa a buɗe kawai ya wadatar. A lokacin Windows XP tana da katanga, amma a kashe take zuwa. Daga babban gyaran da kamfanin Microsoft ya fitar a 2004 mai suna Service Pack 2 aka fara kunna ta tun daga farko, kuma haka abin yake har zuwa Windows 11.

A watan Mayun 2017 aka sake ganin darasin. Manhajar WannaCry, wadda ke kulle bayanan mutum ta nemi kuɗin fansa, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin gwamnati a Birtaniya suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ta waccan ƙofa mai lamba 445 ta riƙa shiga, alhali tun watan Maris, wata biyu kafin harin, Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe kafar. Waɗanda abin ya rutsa da su galibi ba su ɗora gyaran ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ta Windows ke yi, da inda take da rauni

Katangar da ke cikin Windows 10 da 11, mai suna Windows Defender Firewall, tana yin babban aikin da ake buƙata, wato hana baƙon saƙo shigowa. Ba a biyan ko sisi a kanta, ba ta da wa'adin ƙarewa, kuma ba ta nauyaya wa kwamfuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tsohuwar kwamfuta da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce giga 4 ba.

Akwai wani saiti ɗaya da mutane da yawa ke tsallakewa. Kowane layin intanet da ka hau, Windows na ɗaukarsa ko dai a matsayin na gida, wanda za ka ga an rubuta Private, ko na taron jama'a, wato Public. A na gida tana sassautawa don kwamfutarka ta ga firinta da sauran na'urorin gidan. A na jama'a tana ɓoye ka. A gida, rautar da kake amfani da ita ko ƙaramar na'urar intanet ta aljihu kan tare yawancin baƙin saƙonni tun kafin su iso kwamfutar. Amma a waifai ɗin otal, ko makaranta, ko wurin taro, kai da mutanen da ba ka sani ba kuna cikin tsakar gida ɗaya ne. A irin nan, Public za ka zaɓa, ba tare da dogon tunani ba.

Rauninta kuwa shi ne, a yadda take zuwa, mai shigowa take bincike, mai fita ba ta tare shi. Duk manhajar da ke cikin kwamfutarka tana iya aika bayanai waje ba tare da an tambaye ka ba. A nan ne masu tallar sauran manhajojin ke da hujja, kuma hujjar gaskiya ce. Ga wanda ke sayen data da guminsa, sanin wace manhaja ce ke zuƙe ta a ɓoye abu ne mai amfani.

Mai son sa ido kan masu fita yana da zaɓi. Windows Firewall Control na kamfanin Malwarebytes kyauta ce, kuma a kan katangar Windows take aiki, tana sanar da kai idan wata manhaja ta nemi fita. TinyWall ita ma kyauta ce, ba ta da nauyi, salonta shi ne ta toshe kusan komai ba surutu sai abin da ka ba izini da kanka. GlassWire ta yi suna wajen nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci, tana da ta kyauta da ta kuɗi. ZoneAlarm ta kamfanin Check Point tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a fagen. Masu Mac su sani cewa tasu katangar sai sun shiga saiti sun kunna ta, sannan akwai LuLu ta kyauta da Little Snitch ta kuɗi masu lura da masu fita. Haka ma masu Ubuntu da Linux Mint, tasu tana nan amma sai an kunna.

Sharaɗin da na ambata a farko shi ne, waɗannan manhajoji hukunci suke miƙo maka. Za ka ga saƙo ya faɗo cewa wani abu mai suna svchost.exe yana son fita, a bar shi ko a hana? Idan ka hana, wataƙila intanet ɗinka ya tsaya cak, domin wannan ɓangaren Windows ne. Idan ka saba danna amincewa don a bar ka ka yi aikinka, ranar da ɓarawo ya nemi fita da kayanka ma haka za ka danna masa. Mai gadin da ke tambayar mai gida game da kowane baƙo ba shi da amfani idan mai gidan bai san fuskar kowa ba. Wanda matsalarsa ta data ce kawai, Windows da kanta tana da shafi a saitin intanet mai suna Data usage da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci a kwana 30 da suka wuce.

Idan har za ka ƙara, tambayi kanka abu huɗu

Na farko, daga ina zan sauke ta? Daga shafin kamfanin da ya yi ta kawai. Manhajar tsaro tana shiga har ƙuryar kwamfuta, don haka wadda aka turo maka a filashi ko a zauren WhatsApp ta fi zama babu haɗari.

Na biyu, da me mai ita yake cin abinci? A 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Avast ya biya dala miliyan 16.5 bisa zargin sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajojinsa ke ziyarta. Kyauta ba laifi ba ce, amma ya kamata mutum ya san abin da yake bayarwa a madadin kuɗi.

Na uku, zan iya biyan kuɗin sabuntawa baɗi? Manyan manhajojin tsaro irin su Norton da Bitdefender da Kaspersky suna haɗawa da tasu katangar a wasu fakitocinsu, kuma duk shekara ake biya. Kowa ya san yadda canjin dala ke hawa. Idan wa'adi ya ƙare ba ka sabunta ba, cire ta gaba ɗaya, sannan ka tabbatar ta Windows ta dawo bakin aiki.

Na huɗu, shin akwai wata a kwamfutar? Cikakkun katangu biyu a lokaci guda kan yi karo da juna, su rage wa kwamfuta gudu ko su katse intanet. Ɗaya ta isa.

Da ɗan gari akan ci gari

Duk wannan lissafi banza ne idan da hannunka ka shigo da ɓarawo. Manhajojin da aka fasa wa makulli, waɗanda ake kira kirak, kusan kullum umarninsu na farko shi ne a kashe tsaron kwamfuta kafin a ɗora su. Wanda ya fasa makullin ba ɗan uwanka ba ne, kuma ba sadaka yake yi ba. A cikin irin waɗannan ake cusa manhajojin satar kalmomin sirri da masu amfani da ƙarfin kwamfutarka da datarka suna haƙo wa wani kuɗin kirifto. Babu katangar da za ta cece ka daga abin da ka ba izinin shiga, ka kuma kashe masa mai gadi.

A nan masu shagunan kwamfuta da masu gyara suna da nauyi a wuyansu. Yawancin masu saye ba su san abin da ake yi musu ba, amana ce suka bayar. Akwai halastattun manhajoji na kyauta da za su ishi ɗalibi da ƙaramin ɗan kasuwa, kamar LibreOffice don rubutu da lissafi, da GIMP don gyaran hoto, ga kuma Google Docs. Mai shagon da ya miƙa wa kwastoma kwamfuta da tsaro a kashe bai gama aikinsa ba, kuma ya dace shugabannin ƙungiyoyin kasuwannin kwamfuta su mayar da wannan ƙa'ida a tsakanin mambobinsu.

Akwai kuma batun tsufa. Microsoft ya daina fitar wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025, in ban da waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adi. Da yawa daga kwamfutocin hannu da ke shigo mana ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Mai irin wannan kwamfuta da ke tunanin kashe kuɗi kan fayawol, gara ya fara tunanin komawa Linux Mint ko tara kuɗin canza kwamfutar, domin katanga ba ta ɗinke tsagar da ke jikin ginin kansa.

Haka nan kada a ɗora mata abin da ba aikinta ba. Katangar tsaro ba ta hana ka faɗa wa ɗan damfara lambar sirrin da banki ya turo maka, ba ta hana ka shigar da bayanan katinka a shafin bogi mai alƙawarin tallafi. Wannan gadin naka ne.

Shi dai ƙanen nawa, mun kwashe kundinsa, muka goge kwamfutar kaf muka ɗora Windows daga shafin Microsoft, muka sa LibreOffice. Ya canza kalmomin sirrinsa na banki da imel ta wayarsa. Kuɗin da ya zo da su don sayen fayawol, filashi ya saya da su don ajiye kwafin aikinsa, ragowar ya sa data. Kwamfutar ta daina huci.

Mai karatu, idan ka koma gida yau, rubuta Windows Security a wurin binciken kwamfutarka, ka shiga sashen Firewall & network protection. Za ka ga layuka uku, kowanne ya kamata ya nuna a kunne yake. Idan ka tarar a kashe suke, kunna su, sannan ka binciki wanda ya kashe su da abin da ya ɗora maka a ranar.