Ƙidaya 226: Abin da ƙuri'arka ta majalisa za ta yanke

'Yan uwa na Mai Wurno, Sinja, Damazin da ƙauyukanmu na Jazira.

Ranar 11 ga Afrilu 2010 za a miƙa maka takardun ƙuri'a takwas. Kowa na zancen ta shugaban ƙasa da ta gwamna. Mu yau a kan guda uku na Majalisar Ƙasa muke so mu tsaya.

A 2010 majalisar tana da kujeru 450. Jam'iyyar da ta haɗa 226 ita ce mai rinjaye. Ita ke zaɓen shugaban majalisa, ita ke da ƙarfi a kwamitoci, ita ke amincewa da kasafin kuɗi. Sauran za su yi magana, amma idan aka zo ɗaga hannu, yawa ne ke ci.

Mun gani da idonmu. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 naɗa 'yan majalisa aka yi, ba zaɓe ba. Jam'iyyar Mu'utamar Watani ta samu kujeru 234, takwas kacal a kan 226. Da wannan ɗan rinjayen ta zartar da dokar tsaron ƙasa a Disamba 2009, duk da ƙin amincewar 'yan adawa. Dokar ta ba jami'an tsaro damar tsare mutum har wata huɗu da rabi ba a kai shi gaban alƙali ba.

Za a ce maka: “Ɗan takararmu ɗan gari ne, mutumin kirki.” Ba mu musa ba. Amma ranar ƙuri'a a Khartum, hannunsa na jam'iyyar da ta tsayar da shi ne. Idan aka kawo dokar gona, ta ruwa ko ta takardar jinsiyya, abin da shugabanninsa suka yanke shi zai bi.

Akwai ƙidaya ta biyu. A 2010 ba a gyara tsarin mulki sai da kashi uku cikin huɗu, wato kujeru 338 a wannan majalisa. Idan sauran jam'iyyu suka riƙe 113, ba mai taɓa shi sai ya zauna da su. Idan suka gaza, an buɗe wa jam'iyya ɗaya ƙofa.

Ga yadda kujerun suka kasu a zaɓen 2010: 270 na mazaɓu, 112 na jerin mata, 68 na jerin jam'iyyu. A mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, ko da tazarar guda ɗaya ce. A jerin biyu kuwa, gwargwadon ƙuri'un jam'iyya ake raba kujeru, muddin ta kai kashi 4 cikin 100. Don haka ko ɗan takararmu bai ci mazaɓarku ba, ƙuri'arka ta jeri tana nan da amfaninta.

Ka fito da wuri, ka zo da iyalinka. Ka nemi alamar jam'iyyarmu a takardun nan uku, kada ka bar ko ɗaya babu alama.

Allah ya ba mu zaɓe lafiya.