Haɗin Gwiwar Masu Sana'a Sai Da Lissafi

'Yan'uwa talakawa, masu sana'a da 'yan kasuwa, kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, amma hannu goma ma, in kowa ya ɗaga sa'ad da ya ga dama, lalle jinkar nan a ƙasa za ta kwana.

Ku dubi sha'anin fata. Manyan majemu na Challawa da Sharaɗa a Kano suna jeme fatun awaki da tumaki, a kai su Italiya da Sifen, can a yi takalma da jakunkuna, babbar riba ta zauna can. Ga dukawanmu na Ƙofar Wambai, gwanaye ne, amma in attajiri ya zo da babban aiki, rumfa ɗaya ba ta iya ɗaukarsa. Maganin wannan shi ne a haɗa kai a raba aiki. Haka ake yi a garin Prato na Italiya, inda dubban ƙananan ma'aikatu suke yin yadi: wannan kaɗi, wancan saƙa, wani rini, sa'an nan mutum ɗaya ya karɓo aikin, ya tsara wa kowa ranarsa.

Abu na farko shi ne lissafi. A ce an ba ku takalmi dozin 100 kafin Salla. Mai yanka yana yanka dozin 10 a yini, mai ɗinki kuwa dozin 4 kaɗai yake iyawa. To, aikin nan ba na kwana 10 ba ne, na kwana 25 ne, domin ayari ba ya wuce saurin jakin da ya fi nauyin kaya. In kun ƙaro mai yanka, kun yi asarar kuɗi a banza. Wajen ɗinki ne ake bukatar ƙarin hannu. Saboda haka tun kafin a karɓi kafin alƙalami, a zauna a rubuta abin da kowa yake iya yi a yini, a ƙirgo daga ranar alkawari zuwa baya, kowa ya san ranar da zai miƙa wa na gaba.

Abu na biyu, zaɓen abokin aiki. Yawancinmu mukan zaɓi ko dai ɗan'uwa ko kuwa mai araha. Zumunci da daɗi, amma ba ya ɗinka takalmi, araha kuma ba ta ado. Ku tambaya: yana cika alkawari? Aikinsa na yau daidai yake da na jiya? Yana da kayan aiki da yaran da za su iya abin da ya ɗauka? A fara gwada shi da dozin 5 tukuna.

Kada kuma ku rataya dukan aikinku a wuyan mutum ɗaya. Ran 1 ga Fabrairu 1997 gobara ta cinye wata ma'aikatar kamfanin Aisin a Japan, wadda take yi wa Toyota kusan dukan wani ɗan ƙarfen birki. Nan da nan ƙirar motocin Toyota ta tsaya. Abin da ya cece su shi ne sauran abokan aikinsu da suka tashi suka shiga yin ƙarfen, cikin 'yan kwanaki aiki ya koma. In wannan ya sami babban kamfani irin Toyota, ina ga mai rumfa?

Wani zai ce, ai haɗin gwiwa da babba cuta ce, shi ya ci tsoka, mu mu tsotsi ƙashi. Wannan tsoro yana da dalili, gama sau da yawa ƙaramin mai sana'a shi ke fara aiki, shi ne kuma na ƙarshe wajen biya. Amma maganinsa ba gudu ba ne. A rubuta sharaɗi a gaban shaidu: farashi, da ranar miƙa kaya, da ranar biya, da wanda zai ɗauki asara in kaya sun lalace a hannunsa. Littafin lissafi kuma ya zama a buɗe, kowa ya gani.

Ku 'yan kasuwa, ku ba da aikin Salla tun da wuri, ku biya ran da kuka ce. Ku masu sana'a, ku kai maganar nan taron ƙungiyarku na gaba. Tun ran gini ran zane. Allah ya sa mu gane, amin.